Binciken Tsara Birane da Yankuna: Darasi Daga Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

Idan aka ambaci tsara birane, hankalin akasarin mutane yakan tafi ga Abuja ko Kaduna, inda tituna suka miƙe, unguwanni kuma suka jeru bisa zanen da aka yi tun kafin a aza tubali. To amma wannan fanni na ilimi rassa biyu gare shi. Reshe na farko yana kula da cikin gari, wato inda za a yi gidaje da kasuwa da makaranta da magudanan ruwa. Reshe na biyu kuwa, wanda ake kira tsara yankuna, yana duban ƙasa ne gaba ɗayanta, da garuruwanta da ƙauyukanta da gonaki da dazuzzuka da hanyoyin da suka haɗa su. Wannan reshe na biyu shi ya fi shafar mutanen karkara, domin a nan ne ake yanke shawarar garin da za a kai wa asibiti da wanda zai jira, da hanyar da za a zuba wa kwalta da wadda za a bari.

A wannan maƙala za mu ɗauki ƙananan hukumomi biyu na kudancin Jihar Sakkwato, wato Tambuwal da Kebbe, mu ga yadda mai bincike ke tunkarar irin waɗannan tambayoyi. Ya kamata mai karatu ya lura cewa Kebbe da ake magana a kanta a nan ƙaramar hukuma ce a cikin Jihar Sakkwato, daban take da Jihar Kebbi wadda aka ƙirƙiro a 1991, ko da yake suna maƙwabtaka. Tambuwal da Kebbe suna da iyaka da juna, kuma mazaɓa ɗaya suke a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Duk da haka, kamar yadda za mu gani, awo da lissafi suna nuna cewa tsarin da ya dace da ɗaya ba lalle ne ya dace da ɗayar ba.

Tushen tsari a wannan ƙasa

Tun kafin zuwan Turawa, shugabannin Daular Sakkwato sun san muhimmancin zaɓar mazaunin gari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya bi manufar kafa garuruwan ribaɗi a kan iyakoki, aka kewaye su da ganuwa, aka zaunar da malamai da manoma da masu sana'a a cikinsu domin su tsare ƙasa, su kuma raya ta. Tarihin Tambuwal yana da alaƙa da wannan manufa, domin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya zauna a can yana riƙe da wannan ɓangare. Masanin tarihi Murray Last ya yi bayanin tsarin ribaɗi a littafinsa kan Daular Sakkwato wanda ya fito a 1967. Abin lura ga ɗalibi shi ne, an zaɓi wurin ne da dalili, an kuma yi tunanin abin da garin zai yi wa ƙasar da ke kewaye da shi. Wannan shi ne ainihin tsara yankuna.

Dokokin tsari na zamani sun shigo da mulkin mallaka. A 1917 gwamnatin Lugga ta kafa dokar da ta kasa garuruwa aji uku, wadda ta fi mayar da hankali ga wuraren da Turawa da ma'aikatansu ke zaune. A 1946 aka kafa dokar tsara gari da karkara, wadda aka kwaikwayo daga dokar Ingila ta 1932, kuma ita aka ci gaba da amfani da ita har bayan samun mulkin kai. A 1978 aka yi Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Bisa wannan doka, filayen da aka ayyana a matsayin na birni suna ƙarƙashin kulawar gwamna, sauran kuwa ƙaramar hukuma ke kula da su. Sannan a 1992 aka fito da Dokar Soja mai lamba 88, wadda ta tanadi hukumar tsari a matakai uku: tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Ke nan, wannan doka ta ba ƙaramar hukuma irin Tambuwal ko Kebbe hurumin tsara ƙasarta. Sai dai doka izini kawai take bayarwa. Sanin abin da za a tsara daga bincike yake fitowa.

Matakin farko: ƙidaya da awo

Mai bincike yakan fara da tambayoyi biyu: mutum nawa ne, kuma a kan ƙasa mai faɗin nawa suke zaune? Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Tambuwal tana da mutum 224,931 a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,717. Kebbe kuwa tana da mutum 124,658 a kan murabba'in kilomita 2,618. Idan aka raba yawan jama'a da faɗin ƙasa, za a sami kimanin mutum 131 a kowane murabba'in kilomita a Tambuwal, da kimanin mutum 48 a Kebbe. Wato Kebbe ta fi Tambuwal faɗi da kusan rabi, amma cunkoson jama'a a Tambuwal ya kusa ninka na Kebbe sau uku.

Waɗannan alƙaluma sun tsufa, domin ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Saboda haka masu bincike sukan yi ƙiyasi. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da kowane ɗalibi zai iya riƙewa: a raba 70 da adadin ƙaruwar jama'a a shekara, abin da ya fito shi ne shekarun da jama'ar za ta ɗauka kafin ta ninka. Idan aka ɗauka ana ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, to jama'a za ta ninka cikin shekara 23 ko kusa da haka. Bisa wannan lissafi, wajajen 2029 za a bukaci ninkin azuzuwa da rijiyoyi da gadajen asibiti da suka wadatar a 2006, alhali faɗin ƙasar bai ƙaru da taki ɗaya ba.

Ina za a aza asibiti?

A 1933 wani masanin labarin ƙasa Bajamushe mai suna Walter Christaller ya wallafa bincikensa kan garuruwan kudancin Jamus. Ya lura cewa kowace hidima da gari ke yi wa ƙauyukan kewaye, ko ta ciniki ce ko ta magani ko ta ilimi, tana da ma'auni biyu. Na farko shi ne mafi ƙarancin mutanen da za su iya riƙe hidimar: mai sayar da gishiri da ashana gidaje kaɗan sun ishe shi, amma asibiti mai likitan tiyata yana bukatar dubban mutane. Na biyu shi ne iyakar nisan da mutum zai yarda ya yi tafiya domin samun hidimar. Daga waɗannan ma'aunai biyu ne garuruwa ke jeruwa hawa-hawa, daga ƙauye zuwa garin kasuwa, zuwa hedkwatar ƙaramar hukuma, zuwa babban birni.

Bari mu gwada wannan tunani a kan yankinmu. Masu tsara harkar lafiya sukan ɗauki kilomita 5, wato tafiyar kimanin sa'a guda a ƙafa, a matsayin nisan da bai kamata mutum ya wuce ba kafin ya isa ƙaramin asibiti. Idan aka zana da'ira a kan taswira, asibitin yana tsakiya, gefenta kuma yana kilomita 5 daga gare shi ta kowace fuska, faɗin da'irar zai kai murabba'in kilomita 78 da rabi. A cunkoso irin na Tambuwal na 2006, wannan da'ira za ta ƙunshi mutum fiye da 10,000. A Kebbe kuwa, da'ira mai girma ɗaya za ta ƙunshi kimanin mutum 3,700 ne kacal. Domin a rufe ƙasar Tambuwal duka da irin waɗannan da'irori ana bukatar aƙalla 22, amma Kebbe, wadda jama'arta ba su kai ba, tana bukatar aƙalla 34.

A nan ne matsalar take. Idan gwamnati ta raba asibitoci bisa yawan jama'a kaɗai, mutumin Kebbe zai yi doguwar tafiya, kuma mace mai naƙuda ko yaron da maciji ya sara ba su da lokacin doguwar tafiya. Idan kuma aka raba bisa faɗin ƙasa kaɗai, za a sami gine-gine da yawa a Kebbe waɗanda ma'aikata da magani ba za su ishe su ba, alhali na Tambuwal sun cika maƙil. Mafita takan kasance a tsakani. A wuri mai cunkoso, ƙara girman cibiyoyin da ake da su da yawan ma'aikatansu ya fi amfani. A wuri mai faɗi da jama'a a warwatse kuwa, abin da ya fi dacewa shi ne ƙananan wuraren shan magani da yawa, da ma'aikata masu zagayawa, da hanya mai kyau zuwa babban asibiti guda. Haka lissafin yake ga makarantun sakandare: inda ƙauyuka suka yi nisa da juna, makarantar kwana tana da hujjar da ba ta da ita a inda yara ke iya zuwa da ƙafa.

Wajibi ne a yi hattara da wannan lissafi, domin ya ɗauka cewa mutane sun bazu daidai wa daida a kan ƙasa, alhali ba haka abin yake ba. Jama'a sukan taru a garuruwa irin su Dogon Daji da Jabo da Sanyinna a ɓangaren Tambuwal, ko Kuchi da garin Kebbe kansa a ɗaya ɓangaren, su bar wasu wurare da ƙarancin mazauna. Saboda haka lissafin ofis mafari ne kawai. Dole mai bincike ya fita ya ga inda mutane suke, domin gani ya kori ji.

Kasuwanni da masu cin rani

Hanya ɗaya ta gane yadda yanki ke gudana ita ce bin sawun mutane. A 1972 Polly Hill, wadda ta yi dogon bincike a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, da Robert Smith sun wallafa nazari kan kasuwannin mako-mako na wasu masarautu huɗu na Arewacin Nijeriya. Tambayar da suka bi ita ce ko kasuwannin da ke kusa da juna sukan kauce wa ci a rana ɗaya, ta yadda ɗan kasuwa zai iya zagaya su cikin mako. Wannan tambaya tana da amfani ga mai tsari, domin zagayen kasuwanni yana nuna masa garuruwan da jama'a suka riga suka zaɓa da kansu. Garin da mutanen ƙauyuka goma ke zuwa kowane mako domin kasuwa, nan ne ya fi dacewa da wurin rigakafi ko rumbun taki ko reshen banki. Hidimar da aka aza a inda ƙafa ba ta bi takan zama kufai.

Tun kafin wannan, a ranin 1952 zuwa 1953, an gudanar da ƙidayar masu cin rani da ke fita daga Lardin Sakkwato, wadda masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya yi nazari a kanta. An tsayar da masu ƙidaya a kan manyan hanyoyi da mashigai, aka lissafa matafiya fiye da 250,000. Wannan bincike ya tabbatar da cewa yawan mutanen gari a wannan ƙasa yana sauyawa tsakanin damina da rani. Har yau darasin yana nan: wanda ya ƙidaya ƙauye a watan Maris zai sami adadi daban da wanda ya ƙidaya shi a watan Agusta. A 'yan shekarun nan kuma an sami wani sabon dalilin ƙaura, wato rashin tsaro da ya addabi Zamfara da wasu sassan Sakkwato tun daga shekarun 2010, wanda ke tura mutanen ƙananan ƙauyuka zuwa manyan garuruwa. Garin da ya karɓi baƙi irin waɗannan yana bukatar ƙarin ruwa da azuzuwa da filayen gini fiye da abin da tsohuwar ƙidaya ta nuna.

Hanya da gulbi

Abubuwa biyu na ƙasa sun bambanta waɗannan maƙwabta. Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar tarayya da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega da Yawuri da Kwantagora, kimanin kilomita 100 daga birnin Sakkwato. Garin da ke kan irin wannan hanya yakan miƙe ne a gefenta kamar igiya: shaguna da gidajen mai da tashoshi da rumfuna duk suna neman bakin titi. Wannan yana kawo ciniki, amma yana da illoli da masu bincike suka daɗe da ganowa a garuruwa masu yawa. Yara sukan tsallaka titin manyan motoci domin zuwa makaranta. Jan bututun ruwa da wayar lantarki a gari mai tsawo ya fi tsada a kan gari mai dunƙulewa. Idan kuma gine-gine suka matse titi, faɗaɗa shi daga baya sai da rusau da biyan diyya. Tambayar mai tsari a Tambuwal ita ce ta wace fuska ya kamata gari ya faɗaɗa, da kuma filayen da ya kamata a keɓe tun yanzu domin makaranta da maƙabarta da magudanan ruwa, kafin a yanka su fuloti-fuloti.

Ƙasar Kebbe kuwa Gulbin Zamfara ne ya ratsa ta, a kan hanyarsa daga wajen Gummi zuwa Jega. Fadamarsa arziki ce ta shinkafa da noman rani da kamun kifi, amma ita ce kuma hanyar ambaliya. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi, ta nuna irin asarar da ƙasashen bakin gulbi ke fuskanta. A irin wannan wuri masu bincike sukan auna nisa da lokaci maimakon kilomita, domin ƙauyen da ke tafiyar rabin sa'a daga asibiti da rani yana iya zama tafiyar rabin yini da damina idan ruwa ya yanke hanya. Wani lokaci kwalbati ɗaya ko ƙaramar gada a wurin da ya dace takan kusantar da mutane ga asibiti fiye da gina sabon asibiti. Gano wannan wuri aikin bincike ne.

Gona da burtali

Yayin da jama'a ke ƙaruwa, gona takan ci daji, gari kuma ya ci gona. Abin da yakan fara salwanta shi ne filin da ba na mutum ɗaya ba, kamar burtali da makiyaya da mashaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, kuma dokar 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da fili har hekta 500 domin noma da hekta 5,000 domin kiwo, abin da ya haura haka sai da amincewar gwamna. Amma filin da ba a auna ba, ba a kafa masa alama ba, ba a kuma sa shi a taswira ba, yana da wuyar karewa. Idan burtali ya toshe, shanu sukan bi ta gona, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. Saboda haka zana taswirar burtali, tare da uwayen ƙasa da hakimai da arɗo-arɗo da manoma waɗanda suka san tsoffin iyakoki, yana cikin ayyukan zaman lafiya da mai tsari zai iya yi.

Kayan aikin mai bincike

A da, safiyo da hotunan jirgin sama su ne madogara. A 1972 Amurka ta harba tauraron ɗan'adam na farko a jerin Landsat, kuma tun 2008 hotunansa kyauta ne ga duk mai intanet. Nijeriya ma ta harba nata tauraron, NigeriaSat-1, a 2003. Ɗalibin jami'a a yau yana iya ɗauko hoton Tambuwal na shekarun 1980 ya jera shi da na bana a kwamfuta, ya auna hekta nawa gari ya ci, da kuma fuskar da ya fi miƙewa. Yana iya kwatanta hoton fadamar Kebbe na rani da na ƙarshen damina ya ga iyakar inda ruwa ke kaiwa. Irin wannan aiki ake koyarwa a sashen labarin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da sashen tsara birane da yankuna na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sai dai hoto ba ya faɗin mai gona, ba ya kuma faɗin dalilin da ya sa mata suka daina zuwa wata rijiya. Waɗannan sai an zauna da mutane an tambaye su.

Gudummawar makarantu

Malamin labarin ƙasa ko na lissafi yana iya fara wannan bincike da ɗalibansa ba tare da kashe kuɗi ba. Kowane ɗalibi ya rubuta hidimomin da ke garinsu: firamare, sakandare, wurin shan magani, kasuwa, injin niƙa, famfo, tasha. A jera garuruwan a allo daga mai hidimomi da yawa zuwa mai kaɗan, nan take hawa-hawan da Christaller ya bayyana zai fito fili. Sannan a rubuta ranar da kowace kasuwa ke ci, a kuma auna mintocin da ake ɗauka daga kowane ƙauye zuwa asibiti mafi kusa, sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina. Idan makaranta ta adana wannan bayani shekara bayan shekara, za ta mallaki abin da majalisar ƙaramar hukuma da masu bincike na jami'a za su yi marhabin da shi.

Kammalawa

Mun ga cewa Tambuwal, mai cunkoson jama'a a kan babbar hanya, babbar bukatarta ita ce a tsara yadda garuruwanta za su faɗaɗa, a kuma keɓe filayen jama'a tun da sauran wuri. Kebbe kuwa, mai faɗin ƙasa da fadama, ta fi bukatar a rage wa mutane nisa, musamman da damina, a kuma kare burtali da gonakin bakin gulbi. Kuɗin gwamnati ba ya isar komai a lokaci guda, kuma ginin da aka aza a inda bai dace ba yakan shekara hamsin yana wahalar da jama'a. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ɗaliban da ke zaune a azuzuwan Tambuwal da Kebbe a yau su ne suka fi kowa sanin hanyoyin ƙasarsu da mashiganta, kuma daga cikinsu ya kamata masu yin wannan zane su fito.